Daga Mobilet Zuwa Boxer: Yadda Muka Koyi Gane Girgizar Babur a Madarunfa

Sana'ar gyaran babur a Madarunfa daga hannun masu faci ta taso. Tun ba a samu mai iya kwance inji ya mayar ba, akwai masu gyaran keke da ke zama a inuwa ranar kasuwa, da famfo da gam da guntayen roba, kuma su ne suka fara karɓar mobilet da ta shigo. Mobilet ɗin Motobécane da ta Peugeot ƴan'uwan keke ne na jini: ga feda, ga siririyar taya, ga ƙafa mai wayoyi. Duk wanda ya iya ɗaure wayoyin ƙafar keke har ta daina layi, to rabin aikin mobilet yana hannunsa. Maigidana da ya koya mani sana'a, Allah ya jiƙansa, cikin waɗannan mutane yake, kuma daga gare su muka gaji ƙa'idar da har yau nake aiki da ita, wato idan babur ya zo yana girgiza, daga ƙasa ake fara bincike kafin a hau sama.

Ƙasarmu ce ta tilasta mana wannan ƙa'ida. Akwai kwaltar da ta taso daga Maraɗi ta bi ta Ɗan Isa zuwa Jibiya da Katsina, amma yawancin tafiyar mutanenmu a cikin ƙauyukan Gabi da Safo da Sarkin Yamma take. Da rani rairayi ne, da damina lakar Gulbi, kuma kowane lokaci ga ƙayar aduwa da tsidau. A kan wannan hanya ake ɗora wa babur buhun gero, da kifin tafki, da zogale da tumatir na Jiratawa, wani lokaci har da rago a ɗaure a baya. Ƙafa ce ke shan wannan wahala kafin inji ya ji komai.

Baburan Japan sun iso mana ne ta kudu. A shekarun 1970 kuɗin man fetur ya cika Najeriya, ƙarin albashin Udoji na 1974 ya sa ma'aikata da yawa suka hau sababbin babura, kasuwannin Kano da Katsina suka cika da Honda da Yamaha da Suzuki, mu kuma da ke bakin iyaka muka samu rabonmu. A 1975 Honda ta fito da CG125, wanda aka ƙera musamman domin ƙasashen da ba a cika kula da canjin baƙin mai a kan lokaci ba. Ma'aikatan gona da na lafiya kuma suka riƙa yawo a ƙauyuka kan Yamaha DT mai dogayen ƙafafu. A wancan zamani kayan gyara na da tsada, kuma samunsu sai an yi tafiya. Bakanike ba shi da damar cewa bari in canza wannan in gani. Dole ya gane ciwon kafin ya taɓa sifana, domin idan ya sa mutum ya sayi fistin a banza, garin nan ƙarami ne, labari zai riga shi isa gida.

A nan aka gina tsarin bincike da nake ganin shi ne dukiyar sana'armu. Farkonsa tambaya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, don haka sai a ce, "Alhaji, a ina kake jin ta, a hannu ko a ƙafa ko a mazauni? Tana zuwa da ƙarar inji ko da gudu?" Daga nan a ɗora babur kan jakinsa na tsakiya, a tayar da shi ba giya, a murɗa masa wuta. Idan girgizar ta bayyana yana tsaye, to ta inji ce ko ta abin da ke riƙe da inji. Idan ba ta bayyana ba, sai a hau a ba shi gudu, a kama kuloci, a bar injin ya lafa yayin da babur ke gangarawa da kansa. Girgizar da ta ci gaba a wannan hali ba ruwanta da inji: tana cikin taya ko rim ko boris ko sarƙa. Wannan gwaji ba ya cin ko dala, amma ya raba matsalar gida biyu.

Ko da ta tabbata ta wajen inji ce, tsofaffin ba su gaggawar buɗe shi. Inji mai fistin ɗaya dama can yana da rawarsa ta halitta, kuma wannan rawa ce ke kwance notuna sannu a hankali. Sai a bi notunan da ke ɗaure inji da gangar babur ɗaya bayan ɗaya, a duba ko ƙarfen gangar ya tsage kusa da su, a taɓa salansa da tanki. Sau da yawa noti ɗaya ne ya saki. Sai bayan duk wannan ake zargin boris ɗin karanshaf, shi ma yana da ƙararsa ta daban, wata gurnani daga ƙasan inji da kunne ke koyo da daɗewa.

A wajen ƙafa kuwa, a ɗaga ta sama a juya. A kafa alli ko tsinke kusa da bakin rim, duk inda ya taɓa, nan ne ta kauce. A bi wayoyin da sifana ana bugawa: mai ƙarfi tana amsawa da ƙara siririya, sakakkiya kuwa muryarta a dushe take. A kama taya da hannu biyu a jijjiga ta gefe da gefe, in ta motsa boris ya tafi. A ɗaga gaba a juya kan babur hagu da dama, in yana sarƙewa a tsakiya, boris ɗin wuya ya ci rami. Sarƙa kuma ana juya ƙafar baya ana taɓa ta wuri-wuri, domin tsohuwar sarƙa ba ta miƙewa daidai, wani wuri ya ɗaure wani ya saki. A wurin da ta fi ɗaurewa ake barin sassauci na santimita 2 zuwa 3. Wanda ya daidaita ta a wurin da ta saki, zai ji babur na fizgarsa a kowane zagaye. Akwai kuma robobin da ke cikin cibiyar ƙafar baya, waɗanda ke shanye fizgar sarƙa. Idan suka murƙushe, duk canjin giya sai babur ya yi tsalle.

A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi. Kayan da ke zuwa ta hanyar Faransa suka ninka kuɗi, mobilet ta fara ja da baya, ido ya ƙara komawa kasuwannin Najeriya. Ba a daɗe ba baburan Sin suka fara kwararowa, irin su Jincheng da Kasea da Haojue, da yawansu a kan tsarin injin CG aka ƙera su. Wannan alheri ne da ba zan raina ba. Manomi da malamin makaranta da ba su taɓa mafarkin babur ba suka mallaka, kabu-kabu ya zama abincin dubban matasa, fetur ɗin ƴan ruwa-ruwa a kwalba ya riƙe su a hanya. Garejinmu suka cika da aiki da yara masu koyo.

Amma a nan ne kuma sana'ar ta yi asara. Kayan gyara suka yi arha har ya zama canzawa ta fi bincike sauƙi. Yaro ya shekara biyu a gareji bai taɓa ɗaure ƙafa daga farko ba, domin in rim ya lanƙwashe sabo ake sayowa. Baburan a kwali suke zuwa, a harhaɗa su cikin gaggawa, wayoyin ƙafa wasu a ɗaure wasu a sake, kuma ba mai komawa kansu bayan makon farko. Kasuwa ta cika da jabun boris da jabun sarƙa masu ɗauke da sunan da ba nasu ba. Araha ba ta ado. Na sha ganin babur da aka canza masa fistin da fulogi da kafireto saboda girgiza, alhali tayar gaba ce ba ta zauna ba. Wannan yana ɓata mani rai, domin kuɗin talaka ne ke tafiya a kan abin da ruwan sabulu zai gyara.

Batun taya ya ƙara rikicewa da zuwan Bajaj Boxer daga Indiya. Yawancin babura masu tsarin CG ƙafarsu inci 18 ce, Boxer kuwa 17, ga kuma ƙananan babura na mata da su ma 17 ne amma sirara. Lambar tana rubuce a gefen kowace taya. Idan an rubuta 3.00-18, ta farko faɗi ce, ta biyu girman rim, kuma ta biyun ba ta karɓar ciniki. Inda aka fi kuskure shi ne tif. Wanda ya sa tif na 18 cikin tayar 17, roba za ta naɗe a ciki, naɗin ya yi ƙulli, ƙullin ya riƙa dukan ƙasa a kowane juyi har ya cinye kansa ya fashe. Wasu kuma suna son taya mai faɗi fiye da wadda rim zai ɗauka don ta fi kyau a rairayi, sai ta riƙa gogar murfin sarƙa, ko bakinta ya ƙi zama.

Zaman bakin taya shi ne abin da na fi so kowane mai babur ya iya dubawa da idonsa. Kowace taya tana da siririn zare da aka zana a gefenta, kusa da baki. Idan an hura iska, tazarar wannan zare da bakin rim dole ta zama ɗaya a duk zagayen, ta ɓangarorin biyu. Inda zaren ya nutse cikin rim, nan taya ba ta fito ba, kuma babur zai riƙa ɗingishi, musamman a kwalta. A tsohon babur tsatsa ce ke jawo haka. Ruwan damina ya shiga ta ramukan wayoyi ya kwanta, cikin rim ya yi kaushi, roba ta kasa zamewa. Maganinsa a fitar da taya, a kankare tsatsar, a duba robar da ke rufe kawunan wayoyi, a shafa ruwan sabulu, a hura, in ba ta zauna ba a sace iska a sake. Ba a shafa baƙin mai, yana cin roba kuma yana sa taya ta zame a kan rim. Ba a kuma cika iska ba iyaka da fatan ta fito da ƙarfi. Tsohuwar taya tana iya tarwatsewa a fuskar yaro.

Sauran ƙa'idojin ƙanana ne, amma kowace da dalilinta. A ɗan hura tif kafin a saka shi, don kada ƙarfen cire taya ya cije shi. A fara tura bakin taya cikin kwarin tsakiyar rim, sai ɗaya gefen ya hau ba da faɗa ba. Kibiyar da ke gefen taya tana nuna inda za ta juya. Ɗigon rawaya, in akwai shi, a saita shi da bawul, domin nan ne taya ta fi rashin nauyi. Bawul ya tsaya cak. In ka ga ya karkace, taya ce ke zamewa saboda ƙarancin iska, kuma watarana zai tsinke daga gindinsa. Wannan ciwon namu ne na nan, domin mutanenmu suna sace iska don ratsa rairayi, su hau kwalta su manta. Yawancin ƙananan babura suna son kusan 25 a gaba da 28 zuwa 32 a baya a ma'aunin PSI, gwargwadon kaya. Facin wuta da muke yi da tsohon fistin yana da ƙarfi, amma tif mai faci a kan faci a wuri ɗaya ya zama nauyi a gefe guda. Sannan akwai lambobi huɗu na ranar ƙira: 2319 yana nufin mako na 23 na shekarar 2019. Tayar da ta daɗe a shago cikin zafin ƙasarmu tana bushewa ko ba ta taɓa taka ƙasa ba, kuma busasshiyar taya ce ta fi ƙin zama.

Rim na alminiyo da taya marar tif sun kawo sauƙi a wajen ƙaya, a toshe hujin da zare a wuce. Sai dai rim ɗin waya ana miƙe shi, na alminiyo kuwa in ya tsage ya gama.

Tsofaffin babura ba su ƙare mana ba. Da Kano ta hana acaɓa a Janairun 2013, babura da yawa da suka sha aiki suka watsu ƙauyuka, wasu suka ƙetaro mana. Da Najeriya ta rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, da kuma rufewar da ta biyo bayan juyin mulkin ƙasarmu na 26 ga Yulin 2023, kayan gyara suka yi wuya suka yi tsada, ga tallafin fetur da Najeriya ta janye a Mayun 2023. Sai ga mutane suna neman tsofaffin da suka iya ɗaure ƙafa da miƙe rim, aka tarar saura kaɗan. Ga kuma rashin tsaro a yankin iyaka da wajen dajin Baban Rafi, inda in babur ya tsaya wa mutum a hanya da yamma, abin ya wuce batun ɓata lokaci.

Don haka kirana ga ƴan'uwana masu gareji, daga Madarunfa har Ɗan Isa: kada a sallami yaro sai ya ɗaure ƙafa daga waya ta farko zuwa ta ƙarshe, ya kuma saka taya a tsohon rim zaren ya fito daidai. Kai kuma mai babur, kafin ka yarda a buɗe maka inji saboda girgiza, ka ce a ɗaga ƙafa a juya a gabanka.