Shimfiɗar cikin takalmi: me take yi wa ƙafa?

A unguwar Lazaret da ke birnin Yamai, 'yan garuwa, masu talla da masu gadi na wuni a tsaye ko suna taka rairayi da silifa. Da yawansu na kukan ciwon diddige da tafin ƙafa, shi ya sa wasu ke neman shimfiɗar cikin takalmi, wadda ake kira semelle da Faransanci.

Ƙafar mutum na da ƙasusuwa 26 da gaɓoɓi 33. Ƙananan tsokoki da jijiyoyi ne ke riƙe lanƙwasar tafin ƙafa, wadda ke ɗaukar nauyin jiki. Shimfiɗar tana tallafar wannan lanƙwasa, ta rarraba nauyi, ta rage zafin diddige. Amma tallafi daban, ƙarfi daban: tsoka ba ta ƙarfi sai an sa ta aiki.

Motsa ƙafa a gida ba ya cin ko dala: a ɗaga diddige a tsaya kan yatsu, a jawo tsumma da yatsun ƙafa, a mirgina kwalba ƙarƙashin tafi. Sabuwar shimfiɗa kuma a fara sa ta sa'o'i kaɗan a rana, har ƙafa ta saba.

Masu ciwon suga su yi hattara: cutar na rage jin ƙafa, shimfiɗa mai tauri na iya jawo gyambo ba a sani ba. Kada su yi tafiya ba takalmi, kuma su ga likita kafin saye, kamar a Babban Asibitin Ƙasa na Yamai.