Rijiya da Hanya: Yadda Matafiya Suke Tabbatar da Ruwa a Ƙasar Daura da Arewacinta

Gabatarwa

Masu nazarin tarihin fatauci a ƙasar Hausa sun yi rubuce-rubuce da dama a kan hajar da ayari yake ɗauka, watau gishiri da kanwa da goro da tufafi da fatu, sun kuma yi magana a kan fito da kuɗin hanya da sarakuna suke karɓa. Abin da ba a cika tsayawa a kansa ba shi ne tambayar da kowane madugu yake kwana da ita tun kafin a ɗaura wa jaki mangala: ina za a sha ruwa gobe, kuma wa ya tabbatar akwai shi? Manufar wannan takarda ita ce ta duba wannan tambaya ta fuskar ƙasar Daura, wadda take kan hanyar da ta tashi daga Kano ta bi ta Kazaure ta nufi Damagaram, daga can kuma Damargu da Agadas. Za mu ga cewa maganar ba ta tsaya ga fatake ba, har iyakar da ta raba Nijeriya da Nijar a arewacin Daura da ita aka ja ta.

Kusugu

Ya kamata a fara da labarin da kowa ya sani. Baƙo ya iso Daura da dare, ya sauka gidan wata tsohuwa mai suna Ayana, ya nemi ruwa, aka ce masa babu, domin macijin da yake cikin rijiyar Kusugu, wanda ake kira Sarki, ba ya barin a ɗebi ruwa sai ranar Juma'a. Baƙon nan, Bayajida, ya karɓi guga ya tafi rijiya, ya kashe macijin da makamin da maƙeran Gaya suka ƙera masa, daga baya ya auri Daurama. Masana sun daɗe suna ja-in-ja a kan ma'anar labarin, wasu suna ganinsa shaidar ƙaurar wata al'umma daga gabas, wasu kuma suna ganin an tsara shi ne don ya bayyana dangantakar Hausa Bakwai. M. G. Smith ya tattauna sarautar Daura da tsarinta filla-filla a littafinsa The Affairs of Daura na 1978.

A nawa ganin, akwai wani ɓangare na labarin da matafiyi zai fi malami saurin ganewa. Rijiyar Kusugu ba ta ƙafe ba. Ruwa yana nan, kuma mutanen Daura har yau suna faɗin ba a san ta da ƙafewa ba. Matsalar ita ce akwai mai iko da bakin rijiyar, kuma baƙo bai san ƙa'idarsa ba sai da ya iso da ƙishirwa. Wanda aka gaya wa a Gaya cewa akwai rijiya a Daura ba a yi masa ƙarya ba, amma labarin da aka ba shi bai cika ba. Wannan gibi, tsakanin "akwai rijiya" da "za ka sha", shi ne ya halaka ayari da yawa.

Aikin madugu da jagaba

Ruwan sama a ƙasar Daura na wata huɗu ne ko kusa da haka, daga Yuni zuwa Satumba. Fatake kuwa da rani suke tafiya, bayan an kawar da amfanin gona. Saboda haka darajar kowane mashayi tana canzawa da wata. Da kaka tafkuna da kududdufai cike suke, ayari yana iya yada zango kusan ko'ina. In hunturu ya yi nisa sai ƙananan tafkuna su zama taɓo, a koma tona yashi a cikin gulbi. Da bazara kuwa ba abin dogaro sai rijiya mai zurfi, ita ma sau da yawa a jira ta tara cikin dare. Madugun da ya bi hanya a watan Nuwamba bai isa ya ba da shaida a kanta a watan Afrilu ba, kuma shekarar da damina ta yi gardama duk lissafin bara ya rushe. Haka aka gani a yunwar 1913 zuwa 1914 da ake kira Kakalaba, haka kuma a farin 1972 zuwa 1974.

Don haka hanyar farko ta tabbatarwa ita ce tambaya, kuma ba kowa ake tambaya ba. Labarin da ya fi daraja shi ne na ayarin da ya fito daga inda aka nufa, a cikin kwanakin nan. A zango da kasuwa da gidan fatoma ake samun irin wannan. Ba a tsayawa ga "akwai ruwa". Ana bin diddigi: yaushe rabonka da wurin, dabbobi nawa kuka shayar, gaba nawa ne zurfinta, ruwan daɗi ne ko zartsi, su wa suke zaune a bakinta? Tambayar zurfi ba ta wasa ba ce, domin rijiyar da ta fi igiyarka tsawo daidai take da wadda ta ƙafe, kuma Bahaushe ya riga ya ce ba a fafe gora ranar tafiya. Tambayar yawan dabbobi ma haka: rijiyar da ta ƙosar da mutum goma da jakunansu za ta iya zama laka kafin rabin babban ayari ya sha. Bugu da ƙari, raƙumi yana jure kwanaki ba ruwa, jaki da takarkari ba sa kai haka, don haka irin dabbar ayari ita take yanke wace hanya ce mai yiwuwa.

Bayan tambaya sai aike. Aikin jagaba ne ya riga ayari, ya duba zango da mashaya, ya nemi yardar mai gari. Wannan dabara tsohuwa ce ƙwarai a Sahara. Ibn Baɗɗuɗa, wanda ya ƙetara daga Tagaza zuwa Walata a 1352, ya ba da labarin wani ɗan aike da ake kira takshif, wanda ayari yake ɗauka haya ya wuce gaba ya sanar da mutanen Walata, su fito da ruwa su tarye su tafiyar kwana huɗu. Ya ce in ɗan aiken ya halaka a hanya, to, ayarin duka ko mafi yawansa ya halaka. Nasu mithƙali 100 na zinariya aka biya shi.

Akwai kuma karatun ƙasa, wanda Fulani makiyaya da Buzaye suka fi kowa iyawa. Inda goruba ta yi yawa a kwari, ruwa ba ya nisa da ƙasa. Sawun shanu sabo da ya haɗu ya nufi wuri guda, da tashin kurciyoyi da maraice, duk alamu ne. Amma alama ba ta faɗin ingancin ruwa. Ruwan tafki mai kwanciya shi ne yake kawo kurkunu, wadda ba ta fitowa sai bayan kusan shekara, har ta kwantar da mutum daidai lokacin noma. Sai a 2013 aka tabbatar an kawar da ita daga Nijeriya.

Saura maganar mai iko da rijiya, watau macijin Kusugu a wata kama. Shari'a ta yi magana a nan: a Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda kowane almajirin ilmi a ƙasar Hausa ya sani, an nuna cewa masu rijiyar dabbobi su ne da haƙƙin fara shayarwa, bayan haka mutane daidai suke, kuma ba a hana rarar ruwa. Amma hukunci yana aiki ne inda akwai zaman lafiya. Bayan da Malam Isiyaku ya ci Daura a zamanin jihadi, zuriyar sarakunan Haɓe suka kafu a Zango da Ɓaure, suka jingina da Damagaram, sai ƙasar ta kasu tsakanin masu gaba da juna. A ƙarni na 19 ayarin da ya tashi daga Kano zuwa Zinder yana fita daga ikon masu biyayya ga Sakkwato ya shiga na abokan hamayyarsu cikin 'yan kwanaki. Madugu dole ya san da wa ake sulhu a bana, domin garin da ya rufe ƙofa ya rufe rijiyarsa.

Rijiyoyi da iyaka

Turawa sun koyi wannan darasi da tsada. Barth, wanda aka sani a ƙasashen nan da Abdulkarim, ya rabu da ayarinsa kusa da Gat a watan Yuli na 1850 don ya hau dutsen Idinen, ruwansa ya ƙare, har ya tsaga jijiyarsa ya tsotsi jininsa kafin wani Buzu ya tsince shi. Wannan kuskuren mutum ɗaya ne. Wanda gwamnatoci suka yi ya fi shi girma.

A yarjejeniyar 14 ga Yuni, 1898, Ingila da Faransa suka raba ƙasashen nan a kan takarda. Aka zana baka mai nisan mil 100 kewaye da Sakkwato, aka bar abin da yake cikinta ga Ingila, sa'an nan layin ya miƙa gabas. Waɗanda suka zana shi ba su tambayi ko madugu ɗaya ba. Da Faransawa suka zo bin rabonsu daga kogin Kwara zuwa Zinder, sai suka tarar hanyar da aka bar musu ta bi ta ƙasar da rijiyoyinta suke nesa da juna, ba su kuma isar babbar runduna. Rundunar Voulet da Chanoine ta 1899, wadda ta yi ta'asa a Lugu da Birnin Ƙonni kafin ta watse kusa da Tasawa, ta karkata kudu cikin rabon Ingila, kuma ƙarancin ruwa yana cikin dalilan karkatar. Ba uzuri nake ba su ba. Jinin da suka zubar ba ƙishirwa ce ta sa su ba.

Faransa ta yi ta ƙorafi har aka sake zama. A yarjejeniyar 8 ga Afrilu, 1904, Ingila ta yarda a tura iyakar kudu domin Faransa ta sami hanya mai ruwa daga Kwara zuwa Zinder da tafkin Cadi. Abin mamaki, cikin abin da Faransa ta bayar a madadi har da haƙƙinta na kamun kifi a gaɓar Niyufanlan, can Amurka ta Arewa. Aka daidaita layin a wata yarjejeniya ta 29 ga Mayu, 1906, sa'an nan hukumar Tilho da O'Shee ta bi ƙasa tana kafa alamu daga 1906 zuwa 1908. Ta haka Ƙonni da Maraɗi da Magarya suka faɗa hannun Faransa, Zango da Ɓaure suka tsaya tare da Daura a ɓangaren Ingila. Wanda ya tsaya a Kongolam yau yana kallon shingen kan iyaka, yana kallon sakamakon lissafin rijiyoyi ne da na ikon sarakunan Damagaram.

Isowar jirgin ƙasa Kano a 1911 ta karya fataucin Sahara, mota kuma ta rage kwanakin tafiya, har ilmin madugu ya zama kamar ba a bukatarsa. Direba yana ɗaukar ruwan kwana biyu saboda tafiyar kwana biyu ce, ba ya lissafin ranar da injin zai tsaya. A watan Oktoba na 2013 motoci biyu da suka tashi daga Arlit suka nufi Aljeriya sun lalace a hamada, aka tsinci gawa 92, daga ciki 52 yara ne, 33 mata. Yawancinsu mutanen yankin Kance ne, maƙwabtan Daura ta arewa, masu harshe ɗaya da ita.