Ƙudan Duma a Kwarin Rima: Tarihin Wani Baƙo

Duk wanda ya san ƙasar Kabi ya san matsayin duma a rayuwar mutanenta. Da shi ake yin ƙwarya da ludayi da masaki, kuma bisa gora masunta ke kwantawa su yi iyo da homa a bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka faro a 1934. Danginsa kuwa, watau kabewa da kankana da guna da gurji, suna cikin abin da manoman fadamar Gwadangaji da Birnin Kebbi ke samun na cefane da shi. Saboda haka abin da ya taɓa wannan iyali na tsiro ya taɓa abinci da sana'a gaba ɗaya.

Ƙudan da za mu yi magana a kansa, wanda masana ke kira Zeugodacus cucurbitae, ba ɗan ƙasa ba ne. Asalinsa wajajen Indiya ne, ya bi kayan fatauci ya bazu cikin duniya. Ya isa tsibirin Hawai wajen 1895, daga can ne kuma wani masani, Coquillett, ya sami samfurin da ya bayyana a 1899. A Afirka an fara ganinsa a Tanganyika a 1936, ya yi shekaru fiye da sittin a gabashin nahiyar kafin a same shi a Afirka ta Yamma a ƙarshen shekarun 1990. Bayan 'yan shekaru aka tabbatar da shi a Nijeriya. Ko da ya zo ya tarar da 'yan'uwansa na gida, irin su Dacus ciliatus, waɗanda suka daɗe suna irin wannan ɓarna.

Ga yadda yake aikinsa. Macen takan huda fatar ɗan duma tun yana ɗanye, ta saka ƙwai a ciki. Cikin kwana ɗaya ko biyu tsutsa ta ƙyanƙyashe, ta dinga cin tsokar har ɗan ya ruɓe ya faɗi, ko ya girma a karkace, ba ya ƙwarya ba ya gora. Sa'an nan tsutsar ta shige ƙasa ta rikiɗa, ta fito ƙuda. A lokacin zafi duk wannan bai cika wuce mako uku ba.

To, a nan ne tarihinmu ya gamu da nasa. A da, duma da kabewa galibi amfanin damina ne. In rani ya tsananta sai abincin irin waɗannan ƙudaje ya yi ƙaranci, yawansu ya ragu. Amma tun da aka gina madatsun Bakolori da Goronyo, sa'an nan shirin Fadama na shekarun 1990 ya yawaita rijiyoyin burtsatse da injunan ban ruwa, noman rani ya bunƙasa a kwarin Rima. Wannan alheri ne babba, sai dai ya ɗinke ɓarakar da ke tsakanin kaka da damina, baƙon ya tarar da akushi a buɗe duk shekara.

Shin an taɓa cin nasara a kansa? An yi, a Okinawa ta ƙasar Japan. Daga 1972 zuwa 1993 hukuma ta yi ta kiwon ƙudan a masana'anta, tana kashe ƙwayar haihuwarsa da wani haske mai ƙarfi, tana sakin biliyoyinsa daga sama, har irin ya ƙare. Amma Okinawa tsibirai ne da teku ya kewaye. Kabi kuwa a buɗe take ta wajen Sakkwato da Dosso da Kamba. Abin da za mu ɗauka daga can shi ne haɗa kai da dagewa.

Feshi bai kai ga tsutsar da ke cikin ɗan itace ba. Abin da ke karya lagonta shi ne tsince duk wanda ya ruɓe a binne shi da zurfi, da kafa tarko mai ƙamshin da ke jawo mazan, da kaftun gona bayan girbi. Sai dai in manomi ɗaya ya yi, maƙwabcinsa ya ƙi, aikin ya tashi a banza, gama ƙuda bai san iyakar gona ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Nauyi ke nan a kan malaman gona da hakimai da ku ɗalibai, ku tara manoman fadama guda su yi aikin a lokaci guda. Allah ya ba mu yabanya mai albarka, amin.