Lijiang: Birnin Da Ba Shi Da Ganuwa

Mai karatu, in aka ce maka tsohon birni, na san ganuwa ce za ta fara faɗo maka a rai. To, ga Lijiang a lardin Yunnan na ƙasar Sin, ya kusa shekara 800, amma ba a taɓa kewaye shi da ganuwa ba.

Masu garin su ne ƙabilar Naxi, ana furta sunan "Nashi". A 1382 Sarkin Sin ya raɗa wa gidan sarautarsu suna Mu, wato itace, suka riƙe mulki har 1723. An ce a rubutun Sinanci, in ka kewaye harafin Mu da zane mai kusurwa huɗu, ma'anar sai ta koma "ƙangi". Shi ya sa sarakunan suka ce ba da su ba!

Maimakon ganuwa, ruwa ne ya riƙe garin. Daga wani tafki a arewa yake gangarowa, ya rabu uku, ya bi unguwa-unguwa ta ƙarƙashin gadoji sama da 300. In ka je, tsaya ka dubi rijiyoyinsu masu baki uku: na farko na sha, na biyu na wanke kayan miya, na uku na wanki. A kasuwar Sifang kuwa, a zamanin da, fatake kan sauke shayi kafin su nufi Tibet da dawakai.

Suna da rubutunsu na zane-zane, Dongba, mai alamomi kusan 1,400, wanda malaman addininsu na gargajiya ke karantawa.

Ranar 3 ga Fabrairu, 1996, girgizar ƙasa ta kashe mutum sama da 300 a yankin. Aka sake gina gidajen bisa fasalinsu na da, a 1997 UNESCO ta sa garin cikin kayan tarihin duniya. Darakta Zhang Yimou ma a yankin ya ɗauki fim ɗinsa na 2005, wanda jarumin Japan Ken Takakura ya fito a ciki.

Sai dai kash! Da 'yan yawon buɗe ido suka yi caa, 'yan asalin garin da dama sun ba 'yan kasuwa hayar gidajensu, sun koma sabon gari. Masu iya karanta tsofaffin littattafan Dongba ma 'yan ƙalilan suka rage. Saboda haka in Allah ya kai ka Lijiang, kada ka tsaya ɗaukar hoton gadoji kawai. Nemi tsohuwa mai shuɗin tufa ka gaishe ta, don irinta ne garin.