FASHIN BAƘI: Kyamarar gilashin mota, yadda ake ɗaura ta da ƙarfinta a gaban shari'a

Kimanin kilomita 50 ne tsakanin Birnin Kebbi da Argungu, tafiyar da ba ta kai awa guda ba idan hanya ta yi kyau. A wannan ɗan tsakanin direba zai haɗu da manyan motocin dakon shinkafa, da 'yan kabu-kabu, da garken shanu masu tsallaka titi, da shingayen bincike. Idan tsautsayi ya faɗa, ko aka samu sa-in-sa a shinge, yawanci magana takan koma ta baki da baki: direba ya faɗi tasa, ɗaya ɓangaren ya faɗi tasa, sai wanda ya fi ƙarfin faɗa a ji ya yi rinjaye. Wannan giɓin ne kyamarar gilashin mota ke cikewa.

Na'ura ce ƙarama da ake mannawa a gilashin gaba, tana kunna kanta da zarar an tayar da mota. Tana ɗaukar bidiyo gunduwa-gunduwa, na minti ɗaya zuwa biyar, idan katin memori ya cika ta goge mafi tsufa ta ɗora sabo. A cikinta akwai ma'aunin girgiza: da ta ji karo ko birki mai tsanani, sai ta kulle wannan gunduwar kada a goge. Duniya ta san ta sosai ranar 15 ga Fabrairun 2013, lokacin da wani dutse daga sararin samaniya ya tarwatse a saman birnin Chelyabinsk na Rasha, direbobi da dama suka ɗauke shi ba da niyya ba. Sun sanya kyamarorin ne saboda masu damfarar inshora da 'yan sanda masu neman na goro.

Abin da ya kamata mai saye a Kebbi ya fara dubawa shi ne zafi. Daga Maris zuwa Mayu yanayi kan haura digiri 40, cikin motar da aka rufe a rana kuwa ya fi haka nesa. Kyamara mai batirin litiyam takan kumbura ko ta mutu a irin wannan yanayi, shi ya sa mai amfani da kafasita ta fi dacewa, duk da ta ɗan fi tsada. Haka ma abin riƙewa: mai tsotsar gilashi yakan saki idan roba ta sha rana, mai gam ya fi jurewa. Katin memori kuma a nemi wanda aka yi don yawan rubutu da gogewa. Jabun kati ya cika kasuwa, kuma sharrinsa shi ne yakan nuna kamar yana ɗauka, sai ranar da ake buƙatar shaida a tarar babu komai. Mai gigabait 64 na iya riƙe ɗaukar awanni da dama kafin ya fara gogewa.

Wurin ɗaurawa shi ne bayan madubin tsakiya, a ɗan karkata zuwa ɓangaren fasinja don kada ta tare wa direba gani, kuma a inda waifa ke sharewa; wanda ya san ƙurar hunturu ya san dalili. A goge gilashin ya bushe kafin a manna, a saita idon kyamarar yadda titi zai fi sama yawa a hoton, domin hasken rana kan sa lambar mota ta dushe. Wayar wuta ana cusa ta ne a bakin rufin mota, a gangaro da ita ta ginshiƙin gefen gilashi zuwa soket ɗin kunna sigari. A nan ake yawan kuskure: motoci da yawa suna da jakar iska a cikin wannan ginshiƙi, don haka dole waya ta bi ta bayan jakar. Idan ta gitta ta gabanta, tana iya hana ta buɗewa daidai ranar haɗari.

Mai son kyamara ta ci gaba da gadi bayan an kashe mota sai ya haɗa ta da akwatin fis. Wayoyi uku ne: ta wutar dindindin, ta wutar da ke zuwa idan an murɗa makulli, da ta jikin ƙarfen mota. A tabbata kayan haɗin suna da abin yanke wuta idan batir ya yi ƙasa, in ba haka ba da safe sai turi. Wannan aikin mai wayarin ne, kuma a gargaɗe shi kada ya taɓa fis ɗin jakar iska ko na birki. Daga ƙarshe a saita kwanan wata da agogon Najeriya, awa ɗaya gaba da GMT. Mutane sukan raina wannan mataki, alhali bidiyon da ke ɗauke da kwanan watan da ba daidai ba shi ne farkon abin da lauyan ɗaya ɓangaren zai kama.

Kotunan Najeriya suna karɓar irin wannan shaida, amma bisa sharaɗi. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya buƙaci a nuna cewa na'urar tana aiki yadda ya kamata a lokacin ɗaukar, a kuma gabatar da takardar da ke bayyana na'urar da yadda aka samar da bayanin, da sa hannun wanda ke kula da ita. A 2012, a shari'ar Kubor da Dickson kan zaɓen gwamnan Bayelsa, Kotun Ƙoli ta ƙi amincewa da takardun da aka ciro daga intanet saboda rashin cika waɗannan sharuɗɗa. Don haka bayan haɗari a zare katin a adana, a kwafi bidiyon ba tare da yanke ko daƙiƙa ɗaya ba. Wanda ya zaga ta WhatsApp ya riga ya rasa inganci, wani lokaci har lambar mota ba ta karantuwa. Batun ya shafi aljihu ma: tun 1 ga Janairun 2023 hukumar NAICOM ta ɗaga kuɗin inshorar ɓangare na uku na motar gida daga N5,000 zuwa N15,000, diyyar ɓarnar dukiya kuma ta kai Naira miliyan 3, kuma biyan ta ya rataya ne a kan tabbatar da mai laifi.

Ɗauka daban, yaɗawa daban. Sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa, Dokar Kare Bayanai ta 2023 kuma ta sassauta ga amfanin kai ko na gida. Direban haya da kyamararsa ke naɗar muryar fasinjoji ya kamata ya sanar da su ko ya kashe makirfon. Wanda ya wallafa bidiyon haɗari da fuskokin mamata a Facebook kafin iyalansu su ji labari ya yi zalunci, ko da babu wanda ya kai shi ƙara. Wuraren soja irin su barikin Dukku a Birnin Kebbi suna da nasu hukunci, domin Dokar Sirrin Gwamnati ta 1962 ta hana ɗaukar hoton wuraren tsaro ba tare da izini ba.

Kyamarar ba ta da ɓangare. Idan mai GPS ce tana rubuta gudun motar a jikin hoton, kuma direban da ya yi aron hannu a kwana, ko yake amsa waya yana tuƙi, katin nasa ne zai ba da shaida a kansa gaban jami'an FRSC ko alƙali.