Surar Yalwa da Tsoron Yunwa

Duk wanda ya ratsa kasuwar Kawo a Kaduna da kaka, ya ga buhunan dawa da masara jibge, ba ya bukatar a gaya masa ma'anar albarka. Masu zanen Turai na dā sun so su kama wannan albarka da fenti, su rataye ta a bango. Labarin da suka fi ɗauka kuwa almarar Rumawa ce.

Rumawan dā, tun kafin addinin Kirista ya zo musu, suna bauta wa wata wai ita Seres, wadda suka ɗauka ita ke da iko da hatsi, kusan yadda Maguzawa suka ɗauki Uwargona. Wai sarkin ƙarƙashin ƙasa ya sace 'yarta Farosafina. Don baƙin ciki uwar ta hana ƙasa tsiro, har aka shirya 'yar ta riƙa komowa wurinta wani sashe na kowace shekara. In ta komo sai amfani ya yi, in ta tafi ƙasa ta bushe. Haka suka fassara zuwan damina da rani. Suna kuma da wata alama, watau ƙahon akuya cike da 'ya'yan itatuwa, wanda ba ya ƙarewa.

A cikin masu zanen nan ba kamar Rubens, mutumin birnin Antwaf, a ƙasar da ake kira Beljiyam yanzu. An haife shi a 1577, ya rasu a 1640. Wajen 1615 ya zana Seres tare da 'yan mata biyu da ƙahon nan, abokinsa Snyders kuma ya zana 'ya'yan itatuwan. Surar tana gidan ajiyar Prado a Madrid.

To, me ya sa attajiran Antwaf suka so irin wannan sura? Domin sun san yunwa. A 1584 rundunar Sifen ta kewaye birnin, ta toshe kogin da jiragen hatsi ke bi, har yunwa ta tilasta wa mutane miƙa wuya a 1585. Sai a 1609 aka yi sulhu na shekara goma sha biyu, aka ɗan huta. Cikin wannan hutu ne Rubens ya yi zanen, alhali waɗanda suka ga rumbu wayam suna nan da ransu.

Ƙasar Hausa ma ta ɗanɗana irin wannan. Fari na 1913 ya jawo yunwar da aka sa wa suna Kakalaba, na 1973 kuma ya hallaka dabbobi masu yawa. Mai zane ya iya cika ƙahonsa har abada, amma hatsin sura ba ya shiga tukunya. Manomin da ya sayar da amfaninsa duka da kaka, shi zai saye shi da tsada da bazara. Ƙahonsa na gaskiya shi ne rumbun da ya rufe, ya bar shi sai ranar bukata.