Tafintocin Afganistan da Takardar da Ta Zame Musu Tarko

Maƙalar wannan makon ta tarihi ce.

Da Amurka da ƙawayenta suka shiga Afganistan a watan Oktoba na 2001, sun zo da jirage da makamai, amma sojojinsu ba sa jin Fashto ko Dari. Dole suka ɗauki dubban 'yan ƙasa aikin tafinta. Tafinta ke fita sintiri da su, shi ke zama tsakaninsu da dattawan ƙauye, shi ke sauraron maganar mayaƙa ta oba-oba ya ce musu ga inda haɗari yake. A wurin Taliban kuwa, maci amana ne.

A 2006 majalisar dokokin Amurka ta ware biza 50 kacal a shekara ga tafintocin Iraƙi da Afganistan gaba ɗaya. A 2009 aka yi sabuwar doka ta biza ta musamman ga 'yan Afganistan da suka yi wa Amurka aiki. Sai dai mai nema sai ya kawo takardar shaidar aiki da wasiƙar shugabansa. Da yawansu kamfanonin kwangila ne suka ɗauke su. Wasu kamfanonin sun rufe, shugaban kuma ya koma gida tuntuni. A 2013 doka ta ce a riƙa kammala duba takardu cikin wata 9, amma mutane suka yi ta jira shekaru.

Birtaniya ma ta kafa nata shingen. Tsarinta na 2013 ya karɓi wanda ya yi wata 12 a fagen daga a Helmand, kuma yana bakin aiki a ranar 19 ga Disamba 2012. Wanda barazana ta sa ya ajiye aiki kafin ranar, ba ya ciki. Sai a Afrilu 2021 aka buɗe tsari mai faɗi.

Ranar 15 ga Agusta 2021 Kabul ta faɗa hannun Taliban. An kwashe mutane fiye da 120,000 ta jirgin sama, amma dubban masu neman biza suka rage a baya. Nan tarkon ya fito fili: takardar da za ta shigar da mutum filin jirgi, ita ce za ta tona shi a shingen Taliban. Wasu suka ƙona tasu don tsira da rai, suka rasa hujjar fita.

A Fabrairu 2022 kuma, bisa kuskure, wani jami'in Birtaniya ya fitar da bayanan masu nema kusan 19,000. Umarnin kotu ya hana jama'a sani har Yuli 2025.

Ba a rasa dokar alƙawari ba. Sharuɗɗa da jinkiri ne suka sa aka ci moriyar ganga aka ya da kwaurenta.

Tambayar tattaunawa: wanda ya ara wa baƙo harshensa a lokacin yaƙi, me baƙon ke bin sa, me shi ke bin baƙon?